Ƙafar Zabo a Jikin Taya

Motocin haya uku ne a tashar Dogon Dutsi a shekarar da dokar ta zo, dukkansu tsofaffin kamiyo, wato manyan motocin kaya, da Nasara suka gama mora kafin su sayar. Ta Sabo tana bin hanyar Tibiri, ta Maikano tana zuwa Ƙonni. Ta Ɗantala, wadda ta fi su tsufa da hayaƙi, ita ke shiga yashin Dogon Kiriya ranar kasuwa, ta dawo da buhunan wake da awaki a ɗaure, mutane zaune bisa kayan ƙafafunsu na lilo.

Ma'u matar Ɗantala tana sayar da fura da nono a gindin tsamiyar tashar. 'Yar makiyaya ce, ba ta da yawan magana, kuma wanda ya saba ganinta sunkuye kan ƙwarya sai ya manta tana ji. Ta san kowace mota da kukanta tun kafin ta ɓullo daga bayan dutse.

Wata ranar kasuwa mai shela ya zagaya da gangarsa, gardi, dogarin Nasara, na biye da shi. Kwamanda, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya ce daga ƙarshen bazara ba a ƙara ɗora mutum bisa kaya. Motar da za ta ɗauki mutane sai ta yi benci da rumfa, ta biya asiransi, wato inshora, sannan a kai ta Doso wurin bizit, inda wani Nasara makaniki zai duba ta ya ba da takarda. Wanda aka kama da fasinja ba takarda, jandarma za su karɓe motarsa.

A makon ne kuma motar kamfani ta fara tsayawa a tashar, koriya, da tagogin gilashi da kujeru a jere. Direbanta ba ya sauka shan fura.

"To jama'a, kun jiya da kunnuwanku," in ji Baba Gado, sarkin tasha, tsohon dillalin shanu da ƙafarsa ta gaji da bin kasuwanni. "Mi za mu yi?"

"Benci!" in ji Maikano. "Mutanen Dogon Kiriya za a ɗora bisa benci? Wallahi ƙarƙashi za su shige su kwanta."

"Kai ina kas san benci in ba kason Ƙonni ba?" Sabo ya ce masa.

Aka yi dariya. Ɗantala bai yi ba. Shi ne ƙaraminsu, kuma motar nan ita ce duk abin da ya dawo da shi daga shekarun da ya yi yana dako a Kumasi. In ba takarda, ba fasinja. In ba fasinja, ba kaya ma, domin ɗan kasuwar Arewa ba ya rabuwa da buhunsa. Inda buhu ya hau, nan mai shi zai hau ya zauna a kai.

Benci da rumfa suka cinye rumbun hatsinsa, aka bar ɗan abin da zai kai su shuka. Asiransi ya cinye jakunansa da gonar fadama da ya jinginar wa wani ɗan kasuwa. Sabo da Maikano ma haka suka yi, kowa da abin da ya fitar daga gidansa. Kafinta ya gama aiki, aka shafa wa bencunan shuɗin fenti, har mata masu zuwa rijiya suna tsayawa kallo.

Sai Sabo ya je Doso jin yadda bizit ɗin yake, ya dawo fuska ba daɗi.

"Taya," ya ce. "Taya shika fara dubi. Ya ga ɗinki, ya kore ka."

Kowa ya juya ya dubi ƙafafun motocin. Babu ɗaya mai lafiya. An ɗinke su da waya, an cusa musu guntayen wasu tayoyin daga ciki, wata ta Maikano har zaren cikinta ya fito kamar tsohuwar tabarma. Da su suke aiki shekara da shekaru, suna tsayawa a hanya su yi faci fasinjoji na sallah a inuwa. Sababbi kuwa sai an aika Yamai, kuma babu ɗayansu da ya rage da abin da zai sayi na mota guda.

Baba Gado ya daɗe yana tauna goro kafin ya yi magana.

"Nasaran nan rana guda shika bizit cikin mako, ko ba haka ba? To ku haɗa ku ukun ku sayi na mota guda. Wanga mako Sabo shi ɗaura shi tahi, shi amso takarda, shi dawo shi kwance. Mako na gaba wani shi ɗaura. In kowa ya samu takardatai, sai ku raba su bibbiyu."

"Sarki, Allah shi ja zamaninka," in ji Maikano. "Dillali dai dillali ne."

Da la'asar a gida Ɗantala ya zauna a bakin rumbu yana murza hularsa. Ma'u tana tankaɗe. Ta san ba shi da kasonsa, ta kuma san ba zai faɗa ba.

"Maigida," ta ce, ba ta ɗago ba, "a sai da Saye."

Saye karsanarta ce, ja mai haske, tana cikin garken ubanta a rugar da ke hanyar Dogon Kiriya. Kakar karsanar aka ba Ma'u ranar sunanta, sauran zuri'ar duk fari ya kwashe, ita kaɗai ta rage, kuma tana da cikin fari.

"A'a," in ji Ɗantala. "Ban taɓa dukiyarki."

"In motar ta tsaya, mi za mu ci? Nonon da ba a haihu ba tukuna?"

Ya ci gaba da murza hularsa. Washegari ya kai ta rugar da motar. Ubanta ya saurare ta har ta gama, bai dubi surukinsa ba ko sau ɗaya. Ya tashi da kansa ya kamo karsanar, ya shafa cinyarta inda shaidar gidansu take, zane uku da suka haɗu a ƙasa kamar sawun ƙafar zabo. Ya miƙa wa Ma'u igiyar.

"Taki ta," ya ce. "Amma ƙarhe ba shi haihuwa, Asma'u."

Aka sayar da Saye, aka haɗa kuɗi. Tayoyin guda shida suka iso daga Yamai bisa motar wani Bayarabe, baƙaƙe wuluk, suna ƙamshin da Ma'u ba ta taɓa ji ba. Aka jera su a gindin tsamiya. Mutane suka taru suna danna yatsa cikin zanen. Ba a gama murna ba gardama ta tashi.

"Doso cike take da 'yan musaya," in ji Maikano. "Wa ya san in Sabo ya tahi da sababbi, sababbi za su dawo? A musanya guda da wadda ta ɗan sha hanya, a shahe ta da baƙin mai, wa zai gane?"

"Ni kaka ce ma ɓarawo?" in ji Sabo.

"Ban ce ba. Na ce Doso."

"To ni ma ban yarda da kai ba. Kai da ka sai da tayar ajiya ta maigidanka kac ce ta hwaɗi hanya!"

Suka miƙe tsaye. Baba Gado yana ɗaga sanda, ba mai jin sa. Ma'u tana kallon tayoyin, tana tunanin biyu daga ciki Saye ce, da abin da ke cikinta. Ba ta san sanda maganar ta fito ba.

"A yi musu shaida."

Suka juyo. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da dama furar da ta riga ta damu.

"Mi kic ce, ɗiyata?" in ji Baba Gado.

"Awa shanu, Baba. A sa musu wuta kaɗan. Wadda ba ta da shaida ba tamu ba ta."

Maikano ya tafa hannu. Shi Ba'are ne, ɗan asalin ƙasar Dutsi, tsakaninsa da Fulani akwai wasa, bai taɓa sayen fura bai tsokane ta ba.

"Kun ji Bahillata! Ko allura kab ba ta sai ta nemi wurin sa mata shaida. Amma wallahi yau baiwata ta yi hankali."

"Bawa dai shi ka shan hura bashi," ta ce a hankali, aka fashe da dariya, har Sabo.

Abin ya yi wa Baba Gado daɗi ƙwarai, domin aikinsa ne na da. Ya aika aka kira maƙeri da ƙarfen lalas. Da aka tambayi wace shaida za a yi, ya ce ta gidan su Ma'u, tunda ita ta kawo shawara kuma saniyarta na ciki. Maƙeri ya tambaya ta wane gefe.

"Ta waje mana," in ji Baba Gado. "Shaida don a gani aka yin ta."

Aka hura wuta, ƙarfe ya yi ja. Maƙeri ya ɗora shi sama-sama yadda ba zai cuci tayar ba, hayaƙi mai ɗoyi ya tashi. Kowace taya ta fito da ƙafar zabo a kumatunta. Ma'u ta ji kamar karsanar ba ta tafi gaba ɗaya ba.

Wajen tafiya ba a yi gardama ba, girma aka bi. Sabo ne babba, shi ya fara. Ya dawo da yamma yana danna oda tun daga bayan gari, takarda a ɗage ta taga. Mako na gaba Maikano ya je, shi ma ya dawo da tasa.

"Nasaran har duƙawa yay yi yana kallon shaidarki," ya gaya wa Ma'u yana kurɓar fura. "Ya shahwa ta da yatsa. Na ce a raina, kai ma ka ga aikin Hillani."

Ranar Ɗantala, tun da hantsi aka ɗaga motar aka ɗaura mata tayoyin, aka jingine tsofaffin a jikin tsamiya. Ya wanke ta har ƙarƙashi. Ya sa rigarsa ta sallah. Ya ce wa Ma'u ta shigo gaba su tafi tare, tunda ba ta taɓa ganin Doso ba, kuma ita ta sayi ƙafafun da za su kai su.

Motar ba ta taɓa tafiya haka ba. Gargadar hanya ta yi laushi, ba tsayawa faci, ba jin tsoron dutse. Ɗantala yana ta magana, abin da ba halinsa ba. Ya ce in damina ta yi kyau zai fanshi gonar. Ya ce kafin shekara biyu zai mayar mata da karsana, ja irin waccan. Ita dai tana riƙe da ƙofa tana kallon itatuwa na gudu baya.

Wurin bizit fili ne da aka kewaye da waya, da dogon rami a tsakiya wanda mota ke hawa bisansa. Ma'u ta sauka ta zauna a bakin wayar daga waje, inda take ganin komai. Nasaran gajere ne mai jan wuya, da gajeren wando. Tafintansa wani Bazabarme ne mai farar riga, Hausarsa tana da ɗan nauyi.

Nasaran ya shiga ramin ya fito. Ya sa a kunna fitilu, a taka birki. Ya hau baya ya girgiza bencunan, ya rataya da hannu a jikin rumfar ya ga ba ta motsa ba. Ya gyaɗa kai. Ɗantala ya waiwayo ya dubi Ma'u.

Sai Nasaran ya duƙa a gaban tayar gaba. Ya daɗe a duƙe. Ma'u ta ga ya sa yatsa cikin zanen, ya bi na farko, ya bi na biyu, ya bi na uku, kamar yadda ubanta ya yi a cinyar Saye. Ya miƙe ya zagaya motar yana duba sauran. Bai ɗaga murya ba. Ya yi wa tafinta magana.

"Ya ce mene ne wannan?"

"Shaida ta, ranka shi daɗe," in ji Ɗantala.

"Ya ce ya san ta. Ya gan ta a motar Dutsi ta farko, ya ɗauka ado ne. Ya gan ta a ta biyu, ya yi shakka. Ya ce yau ta uku. Ya ce ina tayoyin wannan mota?"

Ɗantala ya cire hularsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi tafinta.

"Ka ce mishi mu munka saya da kuɗɗinmu. Ba sata ba ta. Saniya munka sai da."

Tafinta ya juya maganar. Nasaran ya amsa a taƙaice yana goge hannu da tsumma.

"Ya ce bai ce sata ba ce. Ya ce mota uku, ƙafafun mota ɗaya. Yanzu haka waɗancan biyun suna ɗaukar mutane da takardarsa a bisa ɗinkakkun tayoyi. Ya ce kun yaudari bizit. Ba takarda. Na waɗancan ma jandarma za su je su karɓo. Ku ukun kada wanda ya dawo nan sai baɗi."

"Baɗi?" Ɗantala ya durƙusa a gaban Nasaran, cikin rigarsa ta sallah, gwiwa a cikin baƙin mai. "Ka ce mishi ya ga benci. Ya ga rumhwa. Ka ce mishi ba ni da komi gida."

Nasaran ya riga ya ɗaga wa motar da ke baya hannu. Tafinta ya tsaya kaɗan, ya rage murya.

"Kai ma dai, ɗan'uwa. In dole sai kun yi, me ya hana ku yi ta ciki, inda ba a gani?"

Ɗantala ya ɗago ya dube shi, da gaske bai gane ba.

"Ta ciki? Wa ka yi ma dabba shaida inda ba a gani?"

A hanyar komawa motar tana tafiya da laushinta na ɗazu. Dutsen garinsu ya bayyana daga nesa.

"Ni nic ce a yi," in ji Ma'u.

"Mu duka munka yi dariya," ya ce.

Jandarma suka riga mako cika. Suka tarar da motar Sabo cike da 'yan Tibiri a kan sababbin bencuna, tana tsaye bisa tayoyin waya. Suka sauke mutanen, suka karɓi takardu biyun. Mutanen suka kwashi kayansu suka tsallaka wurin koriyar mota.

"Bahillata ta kashe mu," in ji Maikano a gindin tsamiya, da ƙarfi don ta ji. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Baba Gado ya ce masa ya ji tsoron Allah, shi ne ya fara zancen musaya, kuma shi Gado ne ya ce a yi ta waje. Maikano bai sake faɗa ba. Bai sake tsokanarta ba kuma. In ya zo sai ya ajiye kuɗinsa a bakin faifai, ya sha, ya tashi. Wannan ya fi yi mata ciwo.

Sun gwada ɗaukar kaya zalla. 'Yan kasuwa suka ce ba sa sakin buhunsu ya tafi shi kaɗai. Sabo ya gwada ɗaukar mutane ta hanyar daji, aka kama shi a karo na biyu, motarsa ta kwana a barikin jandarma ba ta sake fitowa ba. Asiransin da aka biya na shekara yana ta ƙarewa a kan motocin da ke tsaye. Ɗan kasuwar da ke riƙe da jinginar gonar fadama ya fara aiko gaisuwa.

Dole aka sayar da tayoyin. A duk garin mai iya saye ɗaya ne, wakilin kamfanin koriyar mota. Ya zo ya dube su, ya ce an ƙona su, ya taya abin da ya ga dama. Kason Ɗantala bai kai kuɗin maraƙi ba, kuma a hatsi ya tafi, domin rumbu ya kai ƙasa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Lokacin ne 'yan cin rani ke dawowa gida da akwatunansu don shuka. Ɗantala ya ɗaure tabarmarsa da rigarsa ɗaya, zai koma Kumasi. Motar ya tura ta bayan gida, ya ɗora ta bisa duwatsu, ya lulluɓe injin da zana. Kaji sun riga sun gano ƙarƙashin bencunan.

"Baɗi in na dawo da na taya, mu sake gwadawa," ya ce a tashar. Bai dube ta ba sanda yake faɗa. Ita ma ba ta tambaye shi wa zai biya sabon asiransi ba, ko wa zai shuka musu gonar tudu.

"Allah shi kiyaye hanya, maigida."

Ya biya kuɗin mota kamar kowa, ya hau koriyar, ya zauna a kujerar taga da kayansa a cinya. Ma'u ta matso da ƙwaryar fura don ta miƙa masa, ta ga gilashin ba ya buɗewa. Ta tsaya riƙe da ita. Idonta ya sauka ƙasa.

Ga shaidar nan a tayar baya, dab da inda take tsaye, jar ƙasa ta cika zanen ukun har sun fi fitowa. Direba ya tayar da mota. Ƙafar zabon ta juya sama, ta dawo ƙasa, ta sake juyawa, sannan tayar ta yi sauri har ba a iya ganin komai a jikinta.

Ma'u ta koma gindin tsamiya. Tashar ba kowa sai Baba Gado yana gyangyaɗi a kan tsohuwar taya. Ta juye furar cikin babbar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta zauna jiran motar kamfani ta yamma, ko a samu wanda zai sauka ya sha.